Wa Ya Cancanci Ya Hau Iska? Gardamar Lasisi a Ƙungiyoyin Masu Sha'awar Rediyo

A ranar 23 ga watan Fabrairun 2007 hukumar kula da sadarwa ta Amurka, FCC, ta daina tilasta wa mai neman lasisin rediyon masu sha'awa ya nuna ya iya aika saƙo da karɓarsa da bugun Morse, wato tsarin aika haruffa da gajeru da dogayen ƙararraki. A takarda magana ta ƙare tun wannan rana, amma a cikin ƙungiyoyin masu wannan sha'awa, waɗanda ke haɗuwa wata-wata a ɗakunan karatu da zaurukan coci da ofisoshin 'yan kwana-kwana, gardamar ba ta mutu ba har yau, riga kawai ta sauya. Dattawa na cewa an zubar da darajar lasisi har ya zama abin da yaro zai haddace a kwana biyu ya karɓa. Sababbin shiga na cewa ana yi musu kallon raini a ƙungiyar da suka biya kuɗin shigarta kamar kowa. A gefe guda kuma ga waɗansu da suka sayi oba-oba mai araha, suna tambayar me ma zai sa su nemi izinin wani kafin su danna maɓalli su yi magana. Ra'ayina shi ne ɓangarorin nan uku duk sun yi wa lasisi gurguwar fahimta, kuma ƙungiyar da ta ƙarar da tarurrukanta wajen auna girman lasisin membobinta ta bar wani aiki da ba mai yi mata shi.

Ya kamata a fara da sanin abin da ake magana a kai, domin mai karatu na iya zaton gidan rediyo ake nufi irin mai watsa labarai da gaishe-gaishe. Dokokin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun keɓe wasu zangunan rediyo ga mutanen da ke son koya wa kansu fasahar, da yin hira da junansu, da gudanar da gwaje-gwaje, bisa sharaɗin an ba su izini kuma ba neman kuɗi ya kawo su ba. Mai irin wannan lasisi ba ya watsa shiri ga jama'a, ba ya sa kiɗa, ba ya talla, ba a kuma yarda ya ɓoye ma'anar saƙonsa ba. Magana yake yi da wani mai lasisi ɗan uwansa, ko a unguwa ɗaya ko a wata nahiya, kuma wajibi ne ya riƙa ambaton lambar kiransa, wadda farkonta ke nuna ƙasarsa: 5N ta Najeriya ce, 5U ta Nijar, 9G ta Gana. Gajeren zangon da iyayenmu suka saba murɗawa su kamo sashen Hausa na BBC, waɗannan masu sha'awar na cikin waɗanda suka fara gano amfaninsa. Dokar Amurka ta 1912, wadda aka kafa bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic, ta kora su zuwa zangon mita 200 da abin da ya fi shi gajarta, a zaton babu abin kirki a can, sai ga shi a watan Nuwamban 1923 Léon Deloy a birnin Nice na Faransa da Fred Schnell a jihar Connecticut ta Amurka suna musayar saƙo ta saman Tekun Atlantika.

To me ya sa hukuma ke neman lasisi? Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Siginar gajeren zango tana tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomitoci, ba ruwanta da kan iyaka ko jami'in shige da fice. Na'urar da aka haɗa ba daidai ba tana iya fesa hayaniya a zangunan da ba nata ba, alhali maƙwabtan masu sha'awa a iska sun haɗa da jiragen sama da jiragen ruwa da sojoji. Bugu da ƙari, masu sha'awa na cikin 'yan tsirarun da doka ta yarda su ƙera na'urar aika saƙo da hannunsu ko su sauya wadda suka saya, kuma a Amurka suna iya amfani da ƙarfin da ya kai wat 1,500. Saboda haka abu biyu hukuma ke so ta tabbatar: mutum ya san iyakar zangunansa da yadda zai kauce wa cutar da kansa da wasu, sannan idan ya yi ɓarna a san ko shi wane ne da inda za a same shi. Lasisi alkawarin ɗaukar alhaki ne. Ba shaidar gwaninta ba ne, membobin ƙungiyoyi ne suka ɗora masa wannan nauyi da kansu.

Morse ya shiga cikin sharuɗɗan ne da hujja mai ƙarfi. A zamanin da duk sadarwar teku da bugun Morse ake yinta, wajibi ne wanda ke kan iska ya iya gane jirgin da ke neman agaji, ko tashar gaɓar teku da ke umartarsa ya yi shiru. Dokokin ITU suka mai da shi sharaɗi ga duk mai son aiki a ƙasa da megahaz 30, inda gajeren zango yake. A Amurka aka yi masa hawa uku: kalma 5 a minti ga mai farawa, 13 ga matsakaici, 20 ga mai neman lasisi mafi girma. Amma duniya ba ta tsaya ba. A 1991 FCC ta buɗe matakin Technician ba tare da Morse ba, ga masu aiki a manyan zanguna na kusa. A ranar 1 ga Fabrairun 1999 sabon tsarin neman agaji na jiragen ruwa, wanda ya dogara da tauraron ɗan Adam da na'urori masu kira da kansu, ya maye gurbin Morse a teku, wato hujjar asali ta faɗi. A watan Afrilun 2000 aka rage matakan lasisin Amurka daga shida zuwa uku, aka kuma sauko da gudun Morse zuwa kalma 5 ga duk matakin da ke buƙatarsa. A taron rediyo na duniya da aka yi a Geneva a 2003 aka gyara sashe na 25 na dokokin ITU, aka bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta shawara. Birtaniya ta soke sharaɗin a watan Yulin shekarar. Babbar ƙungiyar masu sha'awa ta Amurka, ARRL, ta roƙi a bar kalma 5 ga mataki mafi girma kaɗai, FCC ba ta amince ba.

Ba na cikin masu yi wa dattawan nan dariya, domin ɓacin ransu yana da tushe. Wanda ya shafe watanni da abin sauraro a kunne, ya maƙale a wajen kalma 10 a minti inda mutane da yawa ke maƙalewa, ya daure har ya haye 13, sannan kafin 1984 ya yi tafiya zuwa ofishin FCC ya zauna gaban jami'in gwamnati gabansa na faɗuwa, ba zai ji daɗin ganin wani ya sami izini iri ɗaya da nasa ta hanyar zaɓen amsa daga cikin huɗu ba. Akwai ma tsohon miki da ya riga wannan. A ƙarshen shekarun 1960, da goyon bayan ARRL, aka kawo tsarin da ya ƙwace wasu sassan zanguna daga masu matsakaicin lasisi aka keɓe wa na sama da su, da nufin a zaburar da mutane su ƙara karatu. Mutane da yawa sun ji an yi musu fashi da rana tsaka, wasu har suka fice daga ƙungiyar. Tun daga lokacin matakin lasisi ya zama abin da ake auna mutum da shi a zauren taro, kuma wanda aka tilasta wa hawan tudu da wuya ya yafe wa wanda aka share wa hanya.

Inda na rabu da su shi ne hujjar da suka fi taƙama da ita, cewa Morse rariya ce da ke tace marasa tarbiyya, domin wanda ya sha wuya kafin ya samu zai riƙe da daraja. Tarihin iskar kansa ya ƙaryata wannan. Zangon megahaz 14.313 ya yi ƙaurin suna a Amurka shekaru da dama da zage-zage da toshe wa juna magana da gangan, haka ma wasu sassa na zangon mita 75 da dare, kuma duk wannan ya faro ne a lokacin da ba mai izinin magana a wuraren sai wanda ya ci jarrabawar Morse. Abin da jarrabawar ta auna shi ne haƙurin kunne da yawan lokacin da mutum yake da shi, halinsa kuwa ba ta taɓa shi ba. Ta kuma tare injiniyoyin lantarki da masana kwamfuta da masu matsalar ji, mutanen da da an bar su sun shigo da sun amfani ƙungiyoyin. Annabcin cewa Morse zai mutu idan an daina tilasta shi ma bai cika ba. Ƙungiyoyi irin su CWops suna koyar da shi kyauta ta intanet, kuma duk wanda ya kunna rediyo a ƙarshen makon da ake babbar gasa zai ji ƙasan zangunan ya cika maƙil da bugu. Mutane na koyonsa yanzu saboda yana isa nesa da ƙaramin ƙarfi da eriyar waya guda, kuma saboda suna jin daɗinsa.

Sai dai akwai wani ƙorafin dattawa da ya fi na Morse gaskiya, kuma bai kamata a haɗa su a watsar tare ba. Jarrabawar matakin farko a Amurka tambaya 35 ce, ana cin ta da amsa 26 daidai, kuma dukkan tambayoyin da ake tsamo su daga ciki, haɗe da amsoshinsu, an buga su a fili kowa na iya karantawa. Akwai ƙungiyoyin da ke shirya zama na yini guda, a haddace da safe a rubuta jarrabawa da yamma. Adadin masu lasisi a ƙasar ya haura 700,000 bayan soke Morse, amma kusan rabinsu a matakin farko suke, kuma ƙungiyoyin da kansu suna kukan cewa da yawa daga cikin sababbin ba sa taɓa hawa iska, ko su hau sau ɗaya su ji ba wanda ya amsa su ajiye na'urar a durowa. Mutum na iya sanin amsar tambaya kan daidaita eriya da na'ura amma bai taɓa riƙe abin auna ta ba, bai san yadda ake narka dalma a haɗa kan waya ba, bai san abin da zai ce ba idan aka amsa kiransa.

Wannan gaskiya ne, amma laifin wa? Lasisin tuƙi bai taɓa mai da kowa direban da zai ɗauki tirela daga Kano zuwa Legas cikin dare ba. Wannan ilimi a gefen ubangida ake samunsa, yaron mota na zaune yana kallon yadda ake sauya giya a gangare da inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, kuma ubangidan da ya ƙi koya wa yaronsa ba shi da bakin zagin ofishin bayar da lasisi. Masu sha'awar rediyo suna da tsohuwar al'ada ta gogagge ya ɗauki sabon shiga ya riƙe hannunsa, suna kiran irin wannan malami Elmer, kuma kusan duk dattijon da ke ƙorafi a yau zai iya faɗar sunan wanda ya yi masa haka. Idan sabon memba ya zo taro sau biyu, aka shafe awa guda ana karanta rahoton ma'aji da muhawara kan kuɗin gyaran rufi, ba wanda ya tambaye shi wace na'ura yake da ita ko ya ce masa ya zo gida ranar Asabar a ɗaga eriya tare, to ba jarrabawa ce ta kore shi ba. Ƙara wa jarrabawa wuya ba zai samar da malami ko ɗaya ba, yawan masu buƙatar malamin kawai zai rage.

Lamarin ya ƙara tsananta tun 2020. A lokacin kullen korona ƙungiyar masu sha'awa ta Birtaniya, RSGB, ta fara gudanar da jarrabawa ta intanet, mai sa ido yana kallon ɗalibi ta kyamara, ta kuma ɗage gwajin aiki da hannu da a da ake yi a ƙungiyoyi kafin a ba da lasisin farko. A Amurka ma masu jarrabawa na sa kai, waɗanda doka ta ce su kasance uku a kowane zama, suka koma yin haka. Ma'anar wannan ita ce mutum na iya karatu a wayarsa, ya rubuta jarrabawa a ɗakinsa, ya karɓi lambar kiransa, bai taɓa taka ƙofar wata ƙungiya ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da sadarwa ta Birtaniya, Ofcom, ta ƙara sassautawa, ta ɗaga ƙarfin da aka yarda wa mai lasisin farko daga wat 10 zuwa 25, na tsakiya daga 50 zuwa 100, babba daga 400 zuwa 1,000. Hukumomi sun nuna inda suka dosa ƙarara. Ƙungiyar da a da take riƙe da makullin ƙofa yanzu ba ta riƙe da shi, sai dai ta nemo wani dalilin da zai sa mutum ya zo, kuma ban ga wani dalili da ya wuce koyarwa da kayan aikin da mutum ɗaya ba zai iya mallaka ba.

Yanzu sai ɓangare na uku, inda ni ma nake zama mai tsauri. Tun da ƙananan oba-oba 'yan China irin su Baofeng suka cika kasuwa a farashin da bai kai na cin abincin dare a gidan abinci ba, ƙungiyoyi na samun baƙi masu cewa sun saya ne don ranar bala'i, kuma ai doka ta yarda a yi amfani da kowace hanya idan rai na cikin haɗari. Gaskiya ne dokar FCC tana da sashe kan ceton rai, amma yana magana ne kan haɗari na nan take a lokacin da babu wata hanyar sadarwa, bai ba kowa izinin yin atisaye ko hira ba. Kuma wanda bai taɓa hawa iska a ranar lafiya ba, da wuya ya iya saita na'urarsa ta kama tashar maimaita saƙo, wadda ke karɓar siginar ƙananan na'urori ta sake aika ta nesa, a ranar da guguwa ta ɗauke wuta. Na fi damuwa da membobin da ke kawar da kai saboda kara, su bar ɗan uwa ko aboki ya ari lambar kiransu, ko su ji baƙuwar murya a tashar ƙungiya su yi shiru don kada a ce sun cika tsanani. Zangunan nan ba gado ba ne. Kamfanonin sadarwa na zuba maƙudan kuɗi don samun irinsu, kuma babbar hujjar da masu sha'awa ke kare su da ita a kowane taron ITU ita ce su mutane ne sanannu masu tsawata wa junansu. Duk ƙungiyar da ta yi sakaci da wannan tana rage ƙarfin hujjar ne ga kowa.

Abin mamaki shi ne doka ta riga ta buɗe halastacciyar hanya ga baƙo, amma membobi da yawa ba su damu su karanta ta ba. A Amurka wanda ba shi da lasisi na iya riƙe makirufo ya yi magana muddin mai lasisi yana wurin yana kula da tashar, a cikin iyakar izinin shi mai kulawar, sai dai idan da wata ƙasa ake magana dole a duba ko akwai yarjejeniya da ita kan irin wannan saƙo. Da haka ne yara 'yan sikawut ke gaisawa da takwarorinsu a ƙarshen mako na uku na kowane Oktoba, al'adar da ta faro tun 1958, da haka ne kuma ake keɓe wa baƙi tasha a babban atisayen fili da ARRL ke shiryawa a watan Yuni. Ke nan babu dalilin zaɓa tsakanin korar baƙo da karya doka.

Matsalar da ta fi rusa ƙungiyoyi kuwa ba a cika tattauna ta ba sai ta faru, wato lasisin ƙungiyar kanta. A dokar Amurka ƙungiya na iya samun lambar kira tata idan tana da mutum huɗu aƙalla, da suna, da rubutaccen tsarin mulki, da shugabanci, kuma babbar manufarta harkar rediyon masu sha'awa ce. Amma lasisin ba ya zama a hannun ƙungiya kai tsaye, yana hannun amintacce guda ɗaya, mai lasisin kansa, wanda wani jami'in ƙungiyar ya naɗa. Nan gizo ke saƙar. Sau da yawa amintaccen shi ne dattijon da ya kafa ƙungiyar, wani lokaci ma tashar maimaita saƙon tana kan hasumiyar gidansa, kuma da kuɗin aljihunsa aka sayi rabin kayan. Shekaru na tafiya sai ya fara jin lambar kiran tasa ce, sauran membobi kuma su ji nauyin tambayarsa. Ranar da aka yi saɓani kan zaɓe, ko ya ƙaura, ko ya kwanta ciwo, ko ya rasu, sai a tarar ba wanda ya san ranar ƙarewar lasisin, ba wanda ke da kalmar sirrin shiga shafin hukuma, adireshin da ke kan takardar ma na gidan da aka sayar ne. Lasisin shekara 10 yake yi, akwai rangwamen shekara 2 na sabuntawa wanda a cikinsa ba a yarda a hau iska ba, bayan haka lambar da ƙungiya ta yi rabin ƙarni tana amsawa na iya komawa hannun wani.

FCC ta ɗan gyara wannan a 2011, inda ta hana ba mutum ɗaya amanar lasisin ƙungiya fiye da ɗaya, ta kuma ce takardar sauya amintacce sai da sa hannun jami'in ƙungiya. Amma hukuma ba za ta rubuta wa kowa tsarin mulkinsa ba. A ganina kamata ya yi amanar lasisi ta zama muƙami mai wa'adi kamar na ma'aji, a rubuta yadda ake naɗawa da yadda ake saukewa tun ana dariya da juna, a kuma rubuta wane kaya na ƙungiya ne wane na aro. Shi ma amintaccen wannan kariya ce gare shi, domin doka ta ɗora alhakin abin da ya fita daga tasha a kan mai lasisinta da mai kula da ita a lokacin, su biyu daidai, kuma hukuma na ɗauka mai lasisin ne ke kula da tashar sai in rajistar tashar ta nuna wani ne. Littafin da kowa zai sa hannu da lokacin hawansa da saukarsa ba ƙa'idar banza ba ce. Haka nan lambar ƙungiya ba ta ƙara wa kowa izini: mai lasisin farko da ya zauna shi kaɗai a tashar ƙungiya iyakarsa zangunan matakinsa, ko da amintaccen yana da lasisi mafi girma. Wannan ƙaramin batu ya fi cancantar minti goma a taro fiye da sake tono maganar 2007.

Akwai kuma tarkon kuɗi, wanda zan taɓa a taƙaice. Ƙungiyoyi na taimaka wa masu shirya tseren gudu da asibitoci da hukumomin agaji da sadarwa, abu ne mai kyau, amma doka ta hana karɓar lada a kan saƙon da aka aika, ta kuma hana ma'aikaci yi wa wanda ya ɗauke shi aiki hidima ta wannan hanya, in ban da sassaucin da aka yi a 2010 domin atisayen shirin bala'i. Duk lokacin da wani ya kawo tayin gudummawa haɗe da buƙata, wajibi ne a karanta dokar a zauren taro kafin a ɗaga hannu.

Me ya shafe mu a nan? Najeriya tana da ƙungiyarta ta ƙasa, NARS, wadda memba ce a tarayyar masu sha'awar rediyo ta duniya, IARU, da aka kafa a Paris a 1925. Amma masu lasisi a ƙasashenmu 'yan kaɗan ne, har Turawa da Amurkawa kan shirya tafiya takanas zuwa ƙasashe irin su Nijar da Chadi su kafa tasha ta 'yan kwanaki, saboda dubban mutane a duniya na neman su yi magana da lambar da ta fara da 5U ko TT. Ƙungiya mai mutum goma sha biyu ba ta da sararin raina sabon shiga, don haka rabin gardamar Amurka ba namu ba ne, kada mu aro shi. Ɗaya rabin kuwa ya fi nauyi a wurinmu fiye da can. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin jihohin da ke maƙwabtaka da ita. A irin wannan yanayi ne rediyon da bai dogara da hasumiyar kamfani ba yake da amfani, a irinsa ne kuma saurayin da aka gani da oba-oba da doguwar eriya a shingen bincike zai sha tambayoyi, kuma ba za a ga laifin mai tambayar ba. Abin da zai raba ɗalibin fasaha da wanda ake zargi shi ne takardar hukuma mai sunansa da lambar kiransa, da ƙungiyar da jami'an tsaro suka san shugabanninta kuma suka san ba ta ara wa kowa lamba.

Saboda haka abin da ya dace masu sha'awa a nan su nema daga hukumomi shi ne hanyar samun lasisi ta zama a bayyane: manhajar karatu da aka buga, ranakun jarrabawa da aka sanar, kuɗin da ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha zai iya biya, da wurin zama jarrabawar da bai tilasta wa mutumin Sakkwato ko Damagaram tafiya babban birnin ƙasa ba. Ba sai an je Amurka neman misali ba. A Afirka ta Kudu ƙungiyar masu sha'awa ta ƙasar, SARL, ita ke gudanar da jarrabawa, hukumar sadarwa ta ICASA kuma ta bayar da lasisi ga wanda ya ci, ƙungiyoyin garuruwa su ɗauki nauyin azuzuwan share fage. Tsari ne da jami'a ko kwalejin fasaha mai sashen lantarki za ta iya zama cibiyarsa, da malami ɗaya mai lasisi a matsayin amintacce da rubutacciyar ƙa'idar wanda zai gaje shi idan an yi masa canjin wurin aiki.